Shaidar Mallaka a Littattafan Rubutun Hannu na Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Kowane tsohon littafin rubutun hannu da ke ajiye yau a zauren wani malami ko a gidan adana takardun tarihi ya ratsa hannun mutane da dama kafin ya iso inda yake, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka bar alamar da za ta nuna cewa littafin ya taɓa zama nasu. Wannan alama, wadda masana littattafan Larabci suke kira tamalluk, wato bayanin da mutum yake rubutawa a jikin littafi don shaida cewa ya shiga mallakarsa ta hanyar saye ko gado ko kyauta, ita ce babbar hanyar da mai bincike yake da ita ta sanin waɗanda suka karanta littafin, da garuruwan da ya zauna, da kuɗin da aka taɓa biya a kansa. A ƙasar Hausa da Barno da Tumbuktu al'adar ta ɗauki siffar da ta bambanta da ta Turai da ta Gabas ta Tsakiya, kuma wannan siffa, haɗe da yadda aka tattara littattafan a ƙarni na 20, ita ce ta sa sunayen masu littattafai suka fi littattafan kansu salwanta.

A Turai shaidar mallaka ta zama 'yar takarda ce mai zaman kanta, wadda ake bugawa da yawa a manna a cikin bangon littafi, ɗauke da sunan mai shi da tambarin zuri'arsa. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka sani ita ce ta Hildebrand Brandenburg, mutumin Biberach a ƙasar Jamus, wadda aka sassaƙa a katako aka buga wajen shekarar 1480 aka manna a littattafan da ya ba gidan masu zuhudu na Kirista da ke Buxheim, kuma ba a daɗe ba manyan masu zane irin su Albrecht Dürer suka shiga sana'ar. A daular Usmaniyya hatimi ne ya riƙe wannan matsayi: littattafan fadar Sarki Bayazid na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1481 zuwa 1512, an buga musu hatiminsa a farko da ƙarshe, har ya zama ana iya gane su yau duk inda suka watsu. A Magrib da Masar kuwa abin da ya fi ƙarfi shi ne rubutun wakafi, ko hubusi, wato tsare littafi domin amfanin masu karatu ta yadda ba a sayar da shi ba a kuma gadonsa. Kwafin littafin tarihi na Ibn Haldun da aka yi wa masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas wakafinsa a shekarar 799 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1396, yana ɗauke da sharuɗɗan aro a rubuce, cewa ba a ba da shi sai ga amintacce ko wanda ya ajiye jingina, kuma kada aron ya wuce wata biyu. Dukkan waɗannan hanyoyi uku sun dogara da abubuwa biyu, littafi ɗinkakke mai bango da kuma wata hukuma ko fada da ke tsaye a bayansa, alhali kuwa littafin malamin Kano ko na Katsina ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Ba don littafi ba shi da daraja ne aka rasa waɗannan hanyoyi a nan ba. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa suka sani da sunan Leo Africanus, ya ba da labari a farkon ƙarni na 16 cewa littattafan da ake kawowa Tumbuktu daga arewacin Afirka sun fi sauran hajoji riba, kuma Tarihul Fattash ya ambaci cewa Askiya Dawuda ya sayi kwafin ƙamus guda a kan miskali 80 na zinariya. Littafin Tarihin Kano ma ya ɗauki zuwan littafi a matsayin abin da ya cancanci a rubuta kusa da labarin yaƙi da na sarauta: ya ce a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, a zamanin Muhammadu Kisoki kuma Shehu Tunis ya kawo Ashafa, Shehu Abdussalami ya kawo Mudawwana da Jami'us Sagir da Samarƙandi. Abin lura a nan shi ne an haɗa littattafan da mutanen da suka shigo da su, wanda hakan ke nuna cewa tun farko jama'a sun san littafi ne ta hanyar mai shi, kuma ƙwaƙwalwar mutanen gari ce ta riƙe abin da hatimi yake riƙewa a wasu ƙasashe.

Siffar littafin kansa ita ce ta ƙayyade inda sunan zai zauna. Littafin wannan yanki ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a sake da ake jerawa tsakanin bango biyu masu tauri, a naɗe su a tadarishi na fata, a ɗaure da tsirkiya, a saka a gafaka, kuma abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da marubuci yake sa wa a ƙasan kowace warƙa, wadda ita ce kalmar farko a warƙa mai bi mata. Wannan tsari ya dace da yadda ake karatu a zaure, domin malami yana iya raba warƙoƙin littafi guda ga almajirai da yawa a lokaci ɗaya, kuma mai son kwafa yana iya aron sashe ya bar sauran. Takardar da aka fi amfani da ita a ƙarni na 19 ta Italiya ce mai alamar jinjirin wata uku a cikinta, irin wadda matafiyi Heinrich Barth ya gani a kasuwar Kano a 1851, kuma mai yawa daga cikinta ta fito ne daga masana'antar gidan Galvani da ke yankin Pordenone, ta biyo ta Tarabulus da Masar ta ƙetaro sahara. Takarda mai irin wannan tsada ba a barin farar warƙa a gabanta don rubuta suna, tadarishi kuma ba ya manne da littafi, ana iya sauya shi a kowane lokaci, saboda haka sunan mai littafi ya koma warƙar ƙarshe, a cikin jawabin kammalawa da marubuci yake rufe aikinsa da shi.

Jawabin kammalawa, wanda almajirai suka sani da kalmar tammat da yake farawa da ita, shi ne wurin da marubuci, wato wanda ya kwafi littafin da hannunsa ba mawallafin da ya tsara shi ba, yake gode wa Allah, ya yi salati ga Annabi, sa'an nan ya ambaci sunansa. Idan don kansa ya kwafa sai ya ce shi ne marubucinsa kuma mamallakinsa, idan kuwa wani ne ya sa shi aikin sai ya ambaci sunan wancan a matsayin mai littafin, sau da yawa tare da roƙon gafara ga su biyun da iyayensu da malamansu. Mafi cikar misalan da aka yi nazari a kansu sun fito ne daga daular Songhai. Mai bincike John Hunwick ya bayyana jawabin kammalawa na wani kwafin Risala ta Ibn Abi Zaid da aka rubuta wa Askiya Muhammadu Bani, wanda mulkinsa bai wuce daga 1586 zuwa 1588 ba, ya kuma yi nazarin juzu'an Muhkam, babban ƙamus na Ibn Sida mutumin Andalus, waɗanda aka kwafa a Tumbuktu a ƙarni na 16. A cikin waɗannan juzu'ai an ambaci wanda ya kwafa, da wanda ya sa wasali ya duba kurakurai, da wanda aka yi wa aikin, har da ladan da aka biya da miskalin zinariya, ta yadda 'yan layuka kaɗan suka nuna cewa kwafar littafi sana'a ce mai rabe-raben aiki da sanannen farashi a wannan birni. Juzu'an da suka rage a Maroko aka same su, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san cewa bayan da rundunar Maroko ta ci Songhai a 1591 an kwashi malaman Tumbuktu zuwa Marrakesh a 1594, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda ya koka da asarar littattafansa 1,600, ya kuma ce nasa na daga cikin mafi ƙanƙanta a danginsa. Ba don sunayen da ke warƙar ƙarshe ba, da babu mai iya cewa waɗannan juzu'ai a bakin kogin Kwara aka rubuta su.

Sai dai irin wannan cika ba ita ce aka saba gani ba. Yawancin littattafan ƙasar Hausa da Barno, in ma sun ambaci suna, ba su ambaci shekara ko gari ba. Marubuci yana iya cewa ya gama ranar Alhamis bayan la'asar, ya kuma tsaya nan. Wannan ne ya sa Alƙur'anin Barno da mai bincike A. D. H. Bivar ya bayyana, mai ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669, ya zama abin dogaro ga duk mai son ƙiyasta shekarun sauran Alƙur'anai masu irin rubutunsa da irin fassarar tsohon harshen Kanembu da ke tsakanin layukansu. Sunan da aka rubuta ma sau da yawa bai wuce Muhammadu ɗan Abubakar ko Usmanu ɗan Aliyu ba, sunan da malamai ɗari za su amsa a gari guda. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin sakaci. Mai littafin bai rubuta sunansa domin baƙon da zai zo bayan shekara ɗari biyu ba, ya rubuta ne domin mutanen da suka san shi, suka san hannunsa, suka san malamin da ya karanta littafin a gabansa, kuma babban abin da yake nema wurin mai karatu shi ne addu'a. Shaidar mallaka a wannan al'ada ta fi kusa da roƙon a tuna da mutum da alheri fiye da gargaɗin a nisanci dukiyarsa, shi ya sa ake samun sunan uwa da uba da na malami a inda mai bincike na yau yake fatan samun sunan unguwa da shekara. Matuƙar zauren yana raye, kuma jikoki suna iya cewa wannan hannun kakansu ne, guntun sunan ya wadatar, amma ranar da littafin ya bar gidan sai sunan ya rasa mai fassara shi.

Littattafai kuwa sun yawaita barin gida. Mazhabar Malikiyya ta halatta wakafin littafi, amma ɗakunan karatu na wakafi irin na Fas da Alƙahira ba su kafu a biranen Hausa ba, littattafai sun kasance dukiyar malami ce ta ƙashin kansa, kuma idan ya rasu sai su shiga rabon gado kamar sauran abin da ya bari. Tarin da mutum ya shafe rayuwarsa yana haɗawa yakan watse tsakanin magada cikin yini guda, babban littafi mai warƙoƙi a sake kuma yana iya rabuwa kashi-kashi, wani ya tafi da farkonsa wani da ƙarshensa, ta yadda sunan mai shi zai bi kashi ɗaya ya bar sauran ba shaida. Aro ma ya ci nasa rabon, haka nan wanda ya sayi littafi yakan kankare sunan na farko ko ya shafe shi da tawada ya rubuta nasa. Bayan wannan akwai gara da ruwan damina da gobara, waɗanda duk daga waje suke fara ci, wato daga warƙar farko da ta ƙarshe, inda sunan littafi da na mai shi suke. Ko fada ba ta tsira ba: lokacin da matafiyi Hugh Clapperton ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littattafan Larabci a zuwansa Sakkwato na biyu, cikinsu har da littafin handasa na Iƙlidis, Bello ya gaya masa cewa gidansu ya taɓa mallakar kwafin da wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidansa.

Ya kamata a ƙara da cewa shaidar mallaka ba ta fi ƙarfin jabu ba, kuma darajarta ce take jawo mata hakan. A wani kwafin Ashafa da ke Tumbuktu an samu rubutun da ke cewa wani Aliyu ɗan Ziyad, wanda ya baro Toledo ta Andalus, ya saye shi a Tuwat a 1468, kuma an gina dogon labarin asalin zuri'a a kan wannan rubutu da makamantansa na gefen shafi, amma masu bincike na baya sun nuna shakka mai ƙarfi game da sahihancinsu. Dole ne a gwada irin wannan rubutu da takardar da yake kai, da tawadar, da salon hannun, kafin a kafa hujja da shi.

Zuwan Turawan mulkin mallaka ya kawo wata sabuwar shaida, ta wanda ya ƙwace. A watan Afrilu na 1890 sojojin Faransa ƙarƙashin Louis Archinard suka ci Segu, suka kwashe littattafan fadar Ahmadu Shehu ɗan Alhaji Umaru Tal, aka kai su birnin Faris, inda suka shiga babban ɗakin karatu na ƙasar a 1892. Wannan tari ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin Alhaji Umaru ya shafe shekaru a Sakkwato, ya auri 'yar Muhammadu Bello, kuma a cikin littattafan akwai wallafe-wallafen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi na Gwandu da Bello masu yawa. A can aka ɗinke warƙoƙin da ke sake aka mai da su mujalladai sama da 500, aka buga musu hatimin ɗakin karatun, kuma shekara da shekaru ana kiran tarin da sunan Archinard, hafsan da ya kwaso shi, ba da sunan gidan da ya tara shi ba. Cikakkiyar fihirisarsa, wato jerin abin da ke ciki, sai a 1985 ta fito. A Sakkwato ma, bayan faɗuwar birnin a watan Maris na 1903, an ɗebi wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, ko da yake a nan an ambaci gidan da suka fito a kan bangon littafin.

Tattarawar da aka yi daga shekarun 1950 ta zo da kyakkyawar niyya, kuma ba don ita ba da an yi asarar da ba ta misaltuwa. Ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan, wanda W. E. N. Kensdale ya tsara fihirisar littattafansa na Larabci tsakanin 1955 da 1958, da gidan kayan tarihi na Jos, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Gidan Arewa da aka kafa a 1970, da tarin da Bubu Hama ya haɗa a Yamai, da cibiyar Ahmad Baba da aka buɗe a Tumbuktu a 1973, duk sun ceci dubban warƙoƙi. Amma abin da masu tattarawar suka fi nema a lokacin shi ne matani da mawallafi, musamman rubuce-rubucen shugabannin jihadin Sakkwato, domin da su ake son sake rubuta tarihin yankin, saboda haka fihirisa takan ba da sunan littafi da na mawallafi da adadin warƙoƙi, ta yi shiru game da wanda ya kwafa da wanda ya mallaka. Hatimin hukuma da lambar ajiya suka zama sabuwar shaida a kan warƙar farko, kuma lamba tana faɗin inda littafi yake a kan kanta ne kawai. Kwafi goma na Ashmawi ko Iziyya ana iya ganinsu kamar maimaici marar amfani idan matani kaɗai ake dubawa, alhali kowane ɗaya shaida ce ta wani almajiri a wani gari da ya kai wannan mataki na karatu.

Ana ganin girman abin da aka rasa idan aka dubi tarin da ya tsira a dunƙule. Littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa Batijjane na Kano wanda ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, sun haura 3,000, kuma an bar su a ƙarƙashin sunansa. Da yake ba a gauraya su da na kowa ba, ana iya karanta rayuwar ilimi ta mutum guda a cikinsu: fikihun da ya karanta, da waƙoƙin yabon Annabi da na Hausa da ya ajiye, da kundin asirai da na magani da ya yi aiki da su. Nisan da tarin ya yi da Kano abin takaici ne, amma riƙe sunan mai shi daidai ne. Irin wannan tsari ake bi a ɗakin littattafan rubutun hannu na birnin Jenne a Mali, inda iyalai suke kai littattafansu ajiya ba tare da sun saki mallakarsu ba, kuma hotunan da aka ɗauka da tallafin babban ɗakin karatu na Ingila an jera su ne bisa sunayen gidajen da suka fito.

Al'adar jawabin kammalawa ba ta mutu da zuwan injin ɗab'i ba. Littattafan da ake rubutawa da hannu a Kano sa'an nan a buga hotonsu a sayar a kasuwa, irin Alƙur'anan da Sharif Bala Gabari ya rubuta, sun ci gaba da ambaton marubuci, sai dai wurin mamallaki ya koma na wanda ya ɗauki nauyin bugawa, mai saye kuma ya rubuta sunansa da biro ko ya buga hatimin roba a ciki.

Yau da ake ɗaukar hoton littattafai da na'ura ana sa su a intanet, haɗarin da ya faru a ƙarni na 20 yana iya maimaituwa cikin sauri, domin hoto yana raba matani da jikin littafi fiye da yadda fihirisa ta yi. Aikin ɗaukar hoto da ya tsallake tadarishi, da bayan warƙar ƙarshe, da sunan da aka kankare, da guntun lissafin bashi ko ranar haihuwa da wani ya rubuta a gefe, aiki ne da bai cika ba, komai kyawun hotunansa. Wajibi ne cibiyoyin Kaduna da Kano da Sakkwato da Zariya da Maiduguri da Yamai su sa wa fihirisarsu gurbin marubuci da gurbin mamallaki da gurbin gidan da littafi ya fito, su kuma koma kan tsofaffin rajistocin karɓa tun takardunsu ba su ruɓe ba. Gidajen malamai da har yanzu suke riƙe da gafakar kakanni kuwa, su zauna da dattawan da suka rage masu iya gane hannun kowane marubuci, su rubuta cikakken suna da gari da zamani a wata takarda daban, ba a jikin tsohuwar warƙa ba, su saka ta cikin tadarishin kowane littafi kafin a sake wani rabon gado.